Watan da Ya Cika Ina Kwance a Yola

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Ni ne Manga ɗan Hammadu, mazaunin Majidaɗi a cikin Jalingo, dillalin shanu a da, majinyaci a yanzu. Ina rubuta wannan da hannuna, da hantsi, da hankalina cikakke, kuma da gangan na ƙi shan maganin nan mai sa ni gyangyaɗi. Na faɗi haka ne domin ina jin abin da ake cewa a bakin kicin, wai tun da tsoho ya dawo daga asibiti ya zama mai zargi, ko ruwa aka miƙo masa sai ya leƙa kofin. Zargi kam ina da shi, da shi na ciyar da ku. Amma ƙafafuna da yatsuna ne suka kumbura, kaina lafiya lau yake.

Zuwa gare ku, Sirajuddeen, Imrana da Ruwaida, kuma a karanta a gaban mahaifiyarku Umma.

Na ɗaya. In Allah Ya karɓi abinSa, a yi mini sutura a kai ni da wuri. Kada a jira kowa da ke kan hanya, musamman wanda zai bugo waya daga Abuja ya ce shi abokina ne na agogo.

Na biyu. Gidan nan, da gonar shinkafa ta garin Mutum Biyu, da shanun da ke Iware, a kira malami ya raba yadda Allah Ya ce. Ban fi Allah iya rabo ba. Roƙona kawai, a bar Umma a ɗakinta har ranar da ita da kanta ta ce ta gaji da shi. Shanun kuma ku je ku gan su da idonku kafin labarina ya isa ruga, domin na san yadda saniya ke mutuwa a baki alhali tana can tana kiwo.

Na uku, kuma saboda shi na zauna rubutun nan: akwatin agoguna.

Kun tashi kun gan ni da su, kuna ganin hauka ce ta tsufa. To, ba agogon duba lokaci ba ne, waya ma tana wannan. Agogon ado ne, siriri, mai maɗaurin fata, wanda ake ɗaurawa ranar Juma'a ko ɗaurin aure ya shige ƙarƙashin hannun kaftani bai kama zare ba. Kowanne a cikinsu yana da 'yar taga a farantinsa, a cikin tagar akwai ɗan wata na zinariya a kan shuɗin sama. Yana fitowa siriri, ya yi ta girma har ya cika, ya rage, ya ɓuya, daidai da na sama, muddin ana murɗa agogon kullum. In aka bar shi kwana biyu ba a murɗa ba sai ya tsaya, watan ma ya tsaya inda yake. Ku riƙe wannan, za ku ga amfaninsa a gaba.

A cikinsu akwai wanda na fi so, wanda kuke kira Mai Fuska, domin watansa yana da ido da hanci da baki, har da kumatu. A gefensa na hagu akwai ɗan tabo, wani bijimi ne ya goge ni da ƙaho a kasuwar Iware, agogon ya karɓi abin da ya kamata wuyan hannuna ya karɓa.

Mu masu tara irin waɗannan agoguna muna da zaure a waya, daga Legas, Abuja, Kano, har da na ƙasashen waje. Ban taɓa ganin mutanen da suka fi su gardama ba. Wani zai rantse tagar wata dole ta zauna a ƙasa, wani ya ce in ta zauna a ƙasa ta cinye lamba shida, ta ɓata tsari, a sama ne mazauninta. Wani yana son saman ya yi shuɗi mai duhu kamar sabon rini, wani ya ce baƙi ya fi kamala. Akwai wani likita a Legas da ya kwana biyu yana faɗa a kan yawan taurari, wai in suka yi yawa agogo ya zama zanen yara. Akwai masu cewa in aka zagaye watan da lambobin kwanan wata, farantin ya zama tashar mota ranar kasuwa. Wani kuma yana alfahari da nasa, wai sai bayan shekara ɗari da wani abu watansa zai yi kuskure. Na tambaye shi ko zai tsaya ya duba, bai ba ni amsa ba har yau. Maganar fuska ita ce ta fi raba su. Tsofaffin hannu suna cewa wata mai fuska shi ne asali, shi ne aikin magabata, 'yan zamani suna cewa wasan yara ne, wata sumul ya fi mutunci. Abu ɗaya tak na ga sun haɗu a kai, kamar sun yi rantsuwa: kada a canja komai a jikin agogo. Ko goge tabo aka yi, a wurinsu an rage masa daraja, in kuwa aka cire wani abu aka sa sabo, to ya mutu, ba mai waiwayarsa.

Ni da na yi shekaru a tsakanin dillalai, ba ra'ayin mutum nake saurare ba, lokacin da ya faɗe shi nake dubawa. A Iware, wanda ya zo ya yaba saniyarka, ya shafa tozonta ya ce masha Allah, wucewa zai yi. Wanda ya tsaya ya ɓata rai, ya ce ƙahonta ya karkace, ƙafar baya kamar tana ɗingishi, ya tafi ya dawo ya sake kushewa, wannan shi ne mai saye, igiya na cikin aljihunsa. Masu agogon nan duk da turancinsu da turarensu, dillalai ne, sai dai su ba sa taka kashin shanu.

Mutum biyu a cikinsu ya kamata ku sani da kyau. Na farko Barista Rufus na nan garin, wanda kuka sani tun kuna yara. Tun ranar da ya fara ganin Mai Fuska, shekara ashirin ke nan ko fiye, bai taɓa yi masa kalma mai daɗi ba. Kullum maganarsa ɗaya ce: “Manga, wannan wata naka yana kallon mutum kamar ɗan sanda a shingen hanya.” Ya ce ya yi kauri, ya ce tagar ta yi faɗi, ya ce kumatun kamar na wanda ya cika baki da goro. Na biyu Alhaji Abdulmuttalib na Abuja. Shi kuwa yabo ne zalla. Duk lokacin da na sa hoton Mai Fuska a zaure, shi ne farkon mai cewa babu irinsa a Arewa, wannan sai gidan sarauta.

Da ciwon nan ya tsananta aka ce a kai ni Yola, da safen da za mu tashi na murɗa Mai Fuska da kaina, na mai da shi akwati, na kulle, na ba Umma makulli. A lokacin watan jinjiri ne, a sama da cikin taga duka, siriri kamar yankan farce. Ina kwance can ana ƙara mini ruwa, wata rana da rana na buɗe waya don in rage kewa, sai ga Abdulmuttalib ya sa hoton wani agogo a zaure yana neman ra'ayin jama'a, wai wani ne ya yi masa tallansa. Kafin kowa ya ce uffan, shi ya fara: fuskar ta tsufa, tagar ta cinye shida, irin wannan an daina yayinsa, sai dai mutum ya saya don taimako. Mutumin da ya yi shekaru yana yabo, sai da ya ji an kwantar da ni ya gano agogon mummuna ne. Na buɗa hoton da yatsa, ga tabon ƙaho a gefen hagu, ga dardumar ɗakina ja a ƙarƙashinsa. Ban mutu ba tukuna, an fara tallan kayana daga cikin ɗakina.

Amma ba wannan ne ya hana ni sakewa ba. Watan da ke cikin hoton cikakke ne, fuskar duka a waje, tana murmushinta. Ni jinjiri na bari. Da an bar agogon yadda na ajiye shi, da ya tsaya tun ban gama sabawa da gadon asibiti ba, watan kuma yana nan siriri. Kafin ya cika haka, sai an yi kusan mako biyu ana murɗa shi kullum ba fashi. Na ce wa kaina wataƙila an tura watan gaba ne da tsinke don hoto ya yi kyau. Amma da na dawo gida bayan fiye da wata, na buɗe akwatin, sauran agogunan duk sun tsaya, Mai Fuska kaɗai ke tafiya, lokacinsa daidai, watansa daidai da wanda na gani ta tagar mota a hanya. Mai son ya sayar da abu hoto yake ɗauka ya rufe akwati, ba ya zarya kullum yana yi masa hidima. Sai na gane hannu biyu ne suka shiga akwatina, ɗaya na talla, ɗaya kuma ban san nufinsa ba. Na tambayi Umma wa take ba makulli, ta ɗaga kai tana duban silin kamar yau ta fara ganinsa. Shekara arba'in muna tare, na san in ta yi haka ko alƙali ba zai ji komai daga bakinta ba.

Na huɗu. Bari in gaya muku abin da na zarga, don kada ku ce na tafi da shi a ciki ina yi muku murmushin ƙarya. Imrana, hoton nan an ɗauke shi da gwaninta, an karkata agogon haske ya zubo ta gefe, yadda kake yi wa motocin da kake tallatawa a waya. Ruwaida, mijinki da bai taɓa tambayata ko ƙarfe nawa ba, ya zo gaishe ni a Yola yana tambaya ko agogunan suna da kwalinsu da takardunsu na asali. Wannan tambaya ba a haihuwar mutum da ita, koya masa ake yi. Na kuma ji cewa ku biyun kun daina gaisawa, kowa na cewa ɗaya ne ya yi, har yaranku sun daina shiga gidan juna. To, ku saurara. Ina da wanda zuciyata ta fi karkata a kansa, amma zato ba shaida ba ne, kuma ba zan rubuta sunan ɗana a kan zato ba. Wanda ya yi ya san kansa, na yafe masa, ya nemi gafarar Allah. Wanda bai yi ba ya daina bincike. Daga ranar da aka karanta wannan, duk wanda ya sake tayar da maganar hoton nan, ni ya saɓa wa. Imrana, kai ne namiji kuma kai ne gaba da ita, kai za ka fara taka ƙafa zuwa gidanta.

Wanda na fi zargi tun farko kuwa, kai ne, Sirajuddeen. Kowa a gidan nan ya san tsakaninka da Mai Fuska. Tun da ka dawo daga karatu ka ce wata mai ido da baki siffa ce, bai kamata a tsaya gaban Allah da ita a hannu ba. Na tambayi malamai, wasu suka ce haka ne, wasu suka ce ƙanƙantarta ta sa ba komai. Na koma cire shi ina sawa a aljihu in zan yi salla, duk da haka in ka zo gaishe ni ba ka duban hannuna na hagu. Mun yi shekaru a haka, kai ba ka sauko ba, ni ban sauko ba. Don haka na ce a raina, wa ya fi son agogon nan ya bar gidan nan in ba Hamma, babban yayansu, ba?

Sai na yi abin da na iya. Yatsuna sun kumbura, biro ma da ƙyar nake riƙewa, balle ɗan kan agogo mai kamar ƙwayar gero. Na bar akwatin a buɗe kusa da gado, na daina taɓa shi, amma kullum in na duba sai in tarar yana tafiya. Ran nan bayan na yi asuba a zaune, gari ya fara haske, na koma na kwanta na rufe ido, na bar 'yar kafa kamar yadda nake yi in ana ciniki a bayana. Na ji takun mutum daga masallaci, aka yi sallama a hankali, aka shigo. Kai ne. Ka durƙusa, ka ɗauko Mai Fuska, ka ɗora babban yatsanka a kan tagar ka rufe fuskar don kada ka gan ta, ka murɗa shi a hankali da ɗaya hannun. Ka kara shi a kunne, ka goge gilashin da bakin rigarka, ka mayar. Sa'an nan ka tsaya a kaina kana motsa baki, ka tofa mini, ka fita.

Kada ka ɗauka nan take na yarda da kai. Na kwana biyu ina juya abin, ina cewa wataƙila an gaya masa agogon da ke tafiya ya fi shiga kasuwa. Sai da na ce wa Umma na gan ka da idona, sa'an nan ta sauko da idonta daga silin. Ta ce tun washegarin tafiyata kake zuwa karɓar makulli, da ta tambaye ka dalili, abin da ka ce kawai shi ne: “Baba ba ya son ya tarar da watansa a tsaye.” Ta ce ranar da likitoci suka ce a kira 'yan'uwa, da za ka taho Yola, ita ka koya wa murɗawa kafin ka shiga mota. Na juya fuskata bango don kada ta ga idona. Na yi kuka, ba na jin kunyar rubuta shi.

Na biyar. Ga hukuncina a kan agogunan. Na san babu wasiyya ga magaji, don haka ba kyauta nake rabawa ba, roƙo nake yi: a sa kowanne cikin rabon wanda na ambata, a kan ƙimar da Rufus zai faɗa a gaban malamin rabo. Imrana, ka ɗauki farin nan siriri mai wata a sama, wanda 'yan zaure suka fi yabo. Na san sayarwa za ka yi, ba laifi, amma ka jira wanda zai kushe shi, kuma kada ya zama Abdulmuttalib. Ruwaida, ƙaramin nan mai taurari naki ne, ke na ce, ban ce mijinki ba. Kwalinsa da takardunsa suna wurin Umma, su ci gaba da zama a can. Sauran a haɗa su da dukiya a raba.

Mai Fuska kuwa, muddin yana nan yadda yake, waya ba za ta daina shigowa gidan nan daga Abuja ba, kuma ba za ku daina duban juna ta gefen ido ba. In na bar wa Sirajuddeen shi haka, na bar masa abin da zai riƙa rufewa da yatsa har ya tsufa. Tun da dai har yanzu nawa ne, ina da iko da shi, na yanke a cire faifan watan mai fuska a sa wata sumul, zinariya zalla, ba ido ba baki. Na san abin da 'yan zaure za su ce, za su ce Manga ya yanka agogonsa da hannunsa, ko kyauta ba sa so. Abin da nake nema ke nan. A ƙimanta shi bayan an canja, a sa a rabon Sirajuddeen. Tabon ƙahon kuma kada a goge.

Na shida. Da na gaya wa Rufus wannan shawara don ya kai agogon wurin mai gyara a Legas ya tsaya a kansa har a gama, mutumin da ya yi shekara ashirin yana zagin fuskar nan sai ya miƙe tsaye yana roƙona kada in taɓa ta, wai babu mai irin wannan aiki yanzu a duniya. Na dube shi da kyau. Ashe ko dai abokina ne mai gaskiya da ya ji tausayin agogo, ko kuwa shi ne dillali mafi haƙuri da na taɓa gamuwa da shi, igiyarsa na aljihu tun kuna firamare. Har yanzu ban tantance ba, kuma lokaci ba zai ba ni dama ba. Don haka na yi masa wasiyya da faifan da za a cire, shi ba magaji ba ne, ya halatta. In da gaske yake ƙin fuskar, ya je ya yi ta kallonta, hakkin zagin da ya yi mata ke nan. In kuwa sonta yake, to ya samu, ba tare da ya yi ciniki da marayu ba. Akwai kuma gilashinsa na duba cikin agogo da na ara tuntuni, yana aljihun akwatin, a mayar masa. In ya dawo daga Legas, Umma ta duba tabon gefen hagu kafin a ce masa an gode.

Ya karɓi agogon ɗazu, gobe zai kama hanya. Ba na jin zan ga dawowarsa, jikina ya gaya mini. Sirajuddeen, gobe in ka shigo daga masallaci za ka tarar da gurbinsa ba komai. Kada ka zargi ƙannenka, ni na fitar da shi, kuma zan buɗe ido in gaya maka da bakina, na gaji da barcin ƙarya. Ka zo duk da haka, ka zauna kusa da ni.

Allah Ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah Ya rufa muku asiri, Ya sa ku fi ni yarda da mutane, amma kada ku kai ga sakarci. Ku riƙe Umma, ku riƙe juna, ranar Juma'a ku ci abinci a gidan nan a kwano ɗaya ko da ba ku da abin cewa. Sirajuddeen, su amana ne a hannunka, da wanda ya ɗauki hoton da wanda bai ɗauka ba, kada ka bambanta. In agogon ya dawo, ka daidaita watansa da na sama, ka ɗaura shi, ka shiga sahu da shi, ka yi mini addu'a. Yatsanka kuma ka ɗauke shi daga kan tagar, babu sauran abin rufewa.

Mahaifinku,
Manga Hammadu